Wardin Dajin Amurka Da Shingen Gonakin Agyaragu

Garin Agyaragu yana 'yan mil kaɗan kudu da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, a bakin hanyar motar da ta nufi Makurdi. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta Gabas, wadda ta taso daga Fatakwal ta haɗe da ta Arewa a Kafanchan, ita ma ta ratsa ta nan. Abin da ya fitar da sunan garin shi ne doya, domin daga kasuwarsa manyan motoci suke lodi suna kaiwa biranen ƙasar nan. Ban da doya kuma, Migili da Eggon da Alago da Tibi da Hausawan da ke zaune a wannan yanki suna noma rogo da riɗi da agushi da masara da shinkafa, ga kuma lambunan lemo da mangwaro da kashu.

Akwai wani bambanci tsakanin gonar Agyaragu da gonar ƙasar Kano ko Katsina, wanda baƙo ba ya lura da shi nan da nan. A can Arewa, da zarar an yanke gero da dawa an kwashe harawa, gona ta zama fili, har ma mai ita yakan yi maraba da garken da zai kwana a ciki saboda taki. A nan kuwa gona ba ta taɓa zama fili. Rogo yakan shekara a ƙasa, watau yana tsaye da ganyensa kore shar a tsakiyar rani, sa'ad da ciyawar daji ta bushe ko wuta ta lashe ta. Manomin doya yakan tayar da kunyoyinsa tun ƙarshen damina, ya binne iri da rani, ya yi wa kowace kunya hular ciyawa don zafin rana. Doyar da aka haƙe ma sau da yawa a gona ake ajiye ta ƙarƙashin rumfa. Saboda haka a daidai watannin da dabba ta fi jin yunwa, a lokacin ne dukiyar manomi take shimfiɗe a sarari, babu abin da ya raba ta da bakin akuya ko kofaton sa.

Dabarar da aka saba da ita ita ce a sassaro rassan ƙaya a jera, ko a yi darni da kara, ko a kafa sanduna a ɗaura zana. Amma gara ba ta barin irin wannan shinge ya ga damina biyu, abin da ta rage kuma wutar daji ta ƙarasa. Kowace shekara sai an koma daji an sake sara, dajin kuwa kullum ƙara nisa yake yi, don masu gawayi sun riga kowa. Waya mai ƙaya tana da tsada, sandunanta na itace su ma abincin gara ne, sa'an nan idan gonar tana nesa da gari ana iya wayar gari a tarar an naɗe wayar an tafi da ita.

Maganar ba ta tsaya ga hasarar rogo ba. Tun daga ran 1 ga Nuwamba, 2017, lokacin da dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki, garkuna masu yawa suka tsallako cikin ƙananan hukumomin Awe da Keana da Doma da Obi, kuma kowa ya san rayukan da aka rasa a ɓangaren manoma da na makiyaya a shekarun da suka biyo baya. Shinge ba zai kashe wannan wuta ba, domin tushenta ya haɗa da ƙasa da siyasa da makamai. Amma masu unguwanni da alƙalai sun san cewa ƙararraki da yawa daga ɓarnar kunya goma ko ashirin suke farawa, kuma wani lokaci mai laifin ma ba saniyar baƙo ba ce, akuyar maƙwabci ce ko aladensa. Irin wannan ƙaramar ɓarna shinge mai rai yana iya tare ta. Tambayar ita ce, da wane itace za a yi shi? Manoman Amurka sun taɓa amsa wannan tambaya da gaggawa, suka kuwa daɗe suna biyan kuɗin gaggawar.

Furen da ba a shuka ba

Mai karatu ya san wardi, ko a turare, ko a ruwan wardi, ko kuma furen nan mai ninki-ninki da ake sayarwa a bakin titunan Jos da Abuja. Wannan na lambu ne, mutane ne suka yi ta aurar da iri da iri ɗaruruwan shekaru har ya zama haka. Kakanninsa suna daji, kuma nahiyar Amurka ta Arewa tana da nata iri-iri waɗanda suke fitowa da kansu tun kafin Turawa su sa ƙafa a can. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne wanda masana tsirrai suke kira Rosa carolina, watau wardin Karolina, wanda ake samu a gabashin nahiyar tun daga kudancin Kanada har Fulorida da Tekzas.

Ɗan kurmi ne gajere, tsayinsa daga ƙafa ɗaya zuwa uku, da wuya ya wuce ƙugun mutum. Jikinsa duk ƙaya ce siririya miƙaƙƙiya. Furensa ganye biyar ne kacal, ja mai haske, da rawaya a tsakiya, yana da ƙanshi, kuma sau ɗaya yake fitowa a shekara, wajen watan Mayu zuwa Yuli. Idan furen ya kaɗe sai ya bar 'ya'ya jajaye masu kama da ƙananan magarya, waɗanda suke zama a jikin reshe har cikin hunturu, tsuntsaye da namun daji suna ci sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe kome. 'Ya'yan wardi suna da bitamin C da yawa. Mutanen asalin nahiyar sun daɗe suna cinsu suna kuma magani da su, a Ingila ma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da lemo ya yi wuya, an sa yara 'yan makaranta tsinko 'ya'yan wardin dajin ƙasarsu ana dafa wa jarirai. Mutanen can suna ji da wannan fure ƙwarai. Jihar Ayowa ta ɗauki wardin daji ya zama furen tambarinta a 1897, Dakota ta Arewa a 1907, lardin Albata na Kanada kuma a 1930.

Renonsa a ƙasarsa ba wuya. Yana son rana, yana son ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, idan kuma ya kama bayan shekara ɗaya ba ya bukatar ban ruwa ko taki. Saiwarsa tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da sabon toho nan da can, saboda haka hanya mafi sauƙi ta yaɗa shi ita ce a haƙo ɗaya daga cikin waɗannan 'ya'yan saiwa a ƙarshen hunturu a dasa a wani wuri, a bar tazarar kamar ƙafa uku. Kowace shekara, kafin ya farka daga barcin sanyi, akan datse tsofaffin rassa don sababbi su sami wuri. Wanda yake so ya shuka ƙwayar iri kuwa sai ya yi haƙuri. Ƙwayar ba ta tsirowa sai ta sha sanyi mai tsanani cikin danshi, don haka masu lambu sukan cuɗa ta da jiƙaƙƙen yashi su ajiye a firiji wajen wata uku, duk da haka wata sai ta shekara biyu kafin ta fito.

Wannan sharaɗi na sanyi shi ne ya raba wardin Karolina da ƙasar Agyaragu. Hunturun Lafiya bai kai ya tashi ƙwayarsa ba, itacen da ya saba barci wata uku ko huɗu a ƙarƙashin ƙanƙara kuma ba zai yi ƙarko a inda zafi ba ya yankewa ba. Duk wanda ya ga hotonsa a intanet ya yi sha'awar aiko da iri, gara ya riƙe kuɗinsa. Amfanin labarinsa ga manomin nan yana cikin abin da ya faru lokacin da mutanen ƙasarsa suka raina shi.

Baƙon da ya ƙi tafiya

A 1866 aka kai wani wardi daga Japan zuwa Amurka, mai suna Rosa multiflora, don masu lambu su riƙa aura masa wardin ado. Ya fi na gida girma nesa ba kusa ba. Rassansa sukan yi tsawo su lanƙwaso, ƙayarsa kamar ƙugiya, inda kan reshe ya taɓa ƙasa kuma sai ya yi saiwa. A shekarun 1930, bayan fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin tsakiyar ƙasar, Gwamnatin Amurka ta kafa Hukumar Kiyaye Ƙasar Noma a 1935. Ma'aikatanta suka duba wannan baƙon wardi suka ga ya cika duk abin da ake nema, yana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, yana tsare shanu ba tare da waya ba, yana kuma ba tsuntsaye da zomaye mafaka. Aka shiga yi wa manoma wa'azinsa. Hukumomin jihohi suka yi ta raba dashensa kyauta shekara da shekaru, aka dasa shi har a tsakiyar manyan tituna don ya tare motar da ta ƙwace.

Abin da ba a lissafa ba shi ne tsuntsaye. Itace guda na wannan wardi yana iya zubar da ƙwayar iri dubu ɗaruruwa a shekara, ƙwayar kuma tana iya kwanciya a ƙasa har shekara 20 ba ta mutu ba. Tsuntsayen da aka yi wa mafaka suka ci 'ya'yan, suka kai irin duk inda suka sauka. Kafin a farga, shingen ya bar iyaka ya shiga tsakiyar makiyaya, ya zama sarƙaƙiyar da saniya ba ta iya ratsawa, mutum ma haka. Garin neman gira aka rasa ido. Jihohi da dama, cikinsu har da Ayowa da Ohayo, suka sa shi cikin jerin mugayen ciyayi, aka koma kashe kuɗi a kan magani da injin sara don a kawar da abin da aka raba kyauta jiya. Yau idan Ba'amurke ya je neman shawarar abin da zai dasa a gefen gonarsa, wardin Karolina da 'yan'uwansa na gida ake nuna masa, waɗanda suke nan tun farko a bakin hanya ba wanda ya kula su.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne ga masana. Kowane tsiro a ƙasarsa yana da abokan gaba, ƙwari da cututtuka da dabbobin da suka saba cinsa, su ne linzaminsa. Idan aka ɗauke shi aka kai wata nahiya, sau da yawa yakan bar su a baya. Itatuwanmu ma sun yi wa wasu haka. Ɗunɗu, ƙayar nan mai fure rabi ja rabi rawaya wadda ba wanda yake tsoro a dajin Nasarawa, an kai ta tsibirin Kuba a ƙarni na 19, ta mamaye ƙasar noma fiye da hekta miliyan ɗaya, suna kiranta marabu. Nijeriya kuma ta karɓi nata rabon. Ciyawar nan da mutanen Kudu suke kira Awolowo ko Akintola, masana sun ce wajen 1937 ta shigo ta Inugu, cikin irin itacen malaina da aka kawo daga Silon, ga ta yau ta cika saurukan Kudu da na tsakiyar ƙasa. A Jamhuriyar Nijar an dasa wata ƙayar Amurka mai suna Prosopis a shekarun 1970 don tsayar da tudun rairayi a wajen Tafkin Chadi, ta bi busasshen gindin tafkin ta zama daji.

Kada a ɗauka duk baƙon itace mugu ne. Rogon da ake so a kare, da masara da gyaɗa da kashu, duk daga nahiyar Amurka suka zo, dogon yaro kuma sai a 1928 aka fara dasa shi a Barno. Amma abin da ake nema ga itacen shinge, watau saurin girma da ƙaya da taurin rai da ƙin ciyuwa ga dabba, su ne daidai halayen da suke mayar da tsiro annoba idan ya kuɓuce. Saboda haka a wannan fanni musamman, wanda aka daɗe da sanin halinsa ya fi wanda aka gani a hoto.

Ƙayar gida

Shinge mai rai ba sabon abu ba ne a Arewa. Tsofaffin garuruwa sukan bar ƙaya ta yi kurmi a bayan ganuwa, sojojin Ingila ma da suka iso Kano a 1903 sun tarar da ƙaya a ramin ganuwarta. A ƙasar Sakkwato da Katsina da Maraɗi, aguwa ce take raba gona da burtali. A kan tsaunin Jos kuwa, wanda Nasarawa take jiha ɗaya da shi kafin 1996, Birom sun kewaye gidaje da gonaki da dogayen shingayen ƙerana tun kaka da kakanni. Sai dai ba kowanne ne zai yi a Agyaragu ba. Aguwa 'yar ƙasar fari ce, ruwan da ake yi a nan daga Afrilu zuwa Oktoba ya yi mata yawa. Ƙerana tana yi, amma ƙaronta yana iya makantar da yaro ko dabba. Bini da zugu yana kamawa da an soka reshensa a ƙasa, dabba ba ta cinsa, amma ba shi da ƙaya, gindinsa yakan buɗe akuya ta kutsa, 'ya'yansa kuma guba ne ga yaran da suka ɗauke su gyaɗa.

Wanda ya fi kama da wardin daji a siffa da amfani shi ne magarya. Tana da ƙaya biyu a kowace gaɓa, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya, idan aka datse ta sai ta yi rassa tun daga ƙasa, ganyenta abincin dabba ne kuma magani, 'ya'yanta kuwa kowa ya san su a faifan masu talla. Sai bagaruwa, wadda majema suke sayen 'ya'yanta. Sai lalle, wanda a gaskiya shi ne wardin Hausawa in ana maganar ƙanshin fure, tsofaffin rassansa suna da tsini, ganyensa kuma kuɗi ne a hannun mata. Sai ita kanta sarƙaƙiya, mai rassa kamar igiya da ƙaya kamar farcen shaho, wadda take fitowa da kanta a bakin rafukan wannan yanki. Cibiyar binciken noma da itatuwa ta duniya, ICRAF, ta gwada haɗa magarya da bagaruwa da lalle da wasu itatuwa biyu a shinge guda tare da manoman yankin Segu a ƙasar Mali tun shekarun 1990, aka ga shingen yana tsare dabba bayan shekara uku zuwa biyar. Segu ta fi Lafiya ƙarancin ruwa ƙwarai. A nan itacen zai fi saurin tashi, amma ciyawar da za ta shaƙe shi yana ƙarami ita ma ta fi ƙarfi, kuma magarya da bagaruwa sun fi son tudu, bakin fadama sai a bar wa sarƙaƙiya. Ɗunɗu dai, ko da yake na gida ne, a bar shi a daji. Saiwarsa tana bin ƙarƙashin ƙasa tana tohowa a tsakiyar gona, manomin da ya taɓa kokawa da tofa ya san abin da wannan yake nufi.

Yadda ake kafa shi

Aikin yana farawa da rani. Ƙwallon magarya yana da tauri, idan aka shuka shi yadda yake yakan yi makonni bai fito ba, wani ma ba ya fitowa sam. Sai a ci naman ko a jiƙa a wanke, a zuba ƙwallayen a ruwan gishiri a zubar da waɗanda suka taso sama, sauran a shanya, sa'an nan a fasa su a hankali da ɗan dutse ko guduma yadda ba za a murƙushe ƙwayar ciki ba. Ƙwayar da aka fitar haka takan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu. Irin bagaruwa kuwa ruwan zafi ake zuba masa a bar shi ya kwana a ciki, ko a tsince wanda ya bi ta cikin awaki a turke, domin cikin akuya ya riga ya yi wannan aiki. Lalle ya fi sauƙi da reshe: a yanko wanda ya ƙosa, mai kaurin fensir, tsawon kamar ƙafa ɗaya, a binne rabinsa. Mai son shuka ƙwayarsa sai ya jiƙa ta kwanaki yana sauya ruwan.

Ana renon su a leda mai huji a gindi, cike da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a inuwa mara duhu kusa da rijiya. Wata biyu zuwa uku ya isa. Magarya da bagaruwa suna sakin saiwa guda mai zurfi tun suna ƙanana, idan suka daɗe a leda sai saiwar ta naɗe ko ta huda ta kama ƙasa, dashen kuma ya zo da wahala. Don haka mai reno yakan ɗaga ledojin lokaci-lokaci ya yanke abin da ya leƙo.

Ba a dasawa da ruwan farko. A Agyaragu ruwan Afrilu yakan yi wasa da mutane, a jira sai ƙasa ta sha sosai, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, a dasa da yamma. Layi biyu ake yi, tsakanin tsiro da tsiro ƙafa ɗaya da rabi, tsakanin layi da layi ma haka, a saɓa su yadda kowane tsiro na layin ciki zai toshe tazarar da ke layin waje. Masu ƙaya a waje, lalle a ciki inda mai tsinkar ganye za ta kai hannu ba ta soku ba. A nan ne ya kamata manomi ya zauna ya yi lissafi. Eka ɗaya mai kusurwa huɗu daidai, kewayenta ƙafa 835 ne, watau layi biyu za su ci tsiro wajen 1,100. Wanda yake da eka goma na doya a wurare uku, wannan shekara nan baɗi can, ba zai kewaye su ba, bai ma kamata ya fara ba. Inda shinge yake biyan wahalarsa shi ne wurin da ba ya tashi: lambun rani, gonar kashu ko lemo da aka dasa sabuwa, rumfar ajiye doya, rogon bayan gida, filin makaranta da maƙabarta.

Shekara biyun farko su ne masu wuya, kuma a nan yawancin masu gwadawa suke karaya. Abin dariya ne amma gaskiya ne, shingen da aka dasa don ya tsare akuya, shi kansa sai an tsare shi daga akuya, domin ɗanyen ganyen magarya daɗi gare shi a bakinta. Tilas a yi masa darni ko shingen busasshiyar ƙaya har sau biyu ko uku kafin ya tsaya da ƙafarsa. Tilas a nome gindinsa da damina, a cike gurbin wanda ya mutu tun a wannan shekarar, don gurbi ɗaya ya isa ya ɓata layi duka. Da shigowar rani kuma a share ciyawa taku uku ko huɗu a kowane gefe, saboda masu ƙona daji don farautar gafiya ba sa tambayar wanda ya yi dashe.

Sai datsa, wadda ita ce sirrin abin. Manomi yakan ji tausayin itacen da ya rena, ya bar shi ya miƙe, ƙarshe ya sami jerin bishiyoyi masu inuwa da ƙofa a ƙarƙashin kowace. A farkon damina ta biyu a sare kan kowane tsiro daidai gwiwa, don ya fashe da rassa daga ƙasa. Rassan da suka miƙe gefe a lanƙwasa su a saƙa cikin na maƙwabcinsu tun suna ɗanyu, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bayan haka kowace shekara a rage shi daidai ƙirjin mutum, a bar gindi ya fi sama faɗi don rana ta kai ga rassan ƙasa. Abin da aka datse ba ya ɓata, ganyen na awaki ne, ƙayar a toshe gurbi da ita, itacen a kai murhu. Wanda ya bar magarya ɗaya-ɗaya ta girma a kusurwa yana iya aura mata irin nan mai manyan 'ya'ya na Indiya, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai ta yaɗa a Nijar, ko da yake a ƙasa mai laima tsutsar ƙuda tana damun 'ya'yan.

Shinge yana da nasa haraji. Yana cin ƙasa kamar taku biyu a kewaye, kunyar da ke dab da shi ba ta yin albarka kamar sauran, tsuntsaye da ɓeraye da macizai kuma suna samun gida idan aka bar gindinsa da datti.

Kafin a haƙa ramin farko

Abin da ya fi ƙaya tsini a wannan al'amari shi ne ƙasa. A al'adar yawancin mutanen wannan yanki, kamar sauran wurare a Afirka ta Yamma, dasa itace a gona alama ce ta mallaka. A Mali ma an lura cewa masu gonar kansu ne suka fi karɓar shingen, masu aro da mata suka ja baya. Agyaragu cike take da manoman da suke noma ƙasar aro ko ta haya, wasu shekaru da yawa. Irin wannan manomi idan ya tashi dare ɗaya ya jera magarya, mai ƙasa zai ɗauka ƙwace ake shirin yi masa, sai a gudu daga rigimar akuya a faɗa wadda ta fi ta. Wajibi ne a nemi yardar mai ƙasa a gaban shaidu, a kira maƙwabcin gona a tsaya a kan iyaka tare, mai unguwa yana wurin, kafin a soka ko reshe ɗaya. Iyakar da aka dasa bisa yarda takan hutar da 'ya'ya da jikoki daga shari'a.

Haka nan burtali da hanyar mashaya. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin a keɓe wa dabbobi wurarensu, amma gonaki da gine-gine sun cinye da yawa daga hanyoyin da garke yake bi. Wanda ya dasa ƙaya a kan burtali ya toshe wa saniya hanyar ruwa, ya kuma tura ta gonar wani. Aguwar Katsina da Maraɗi gefe biyu na burtali take bi, ta nuna wa makiyayi inda zai wuce, ta nuna wa manomi inda zai tsaya, kuma wannan shi ne tsarin da ya dace sarakuna da ardo-ardo da ƙananan hukumomi su zauna a kansa.

Ragowar aikin na masu ilmi ne, Lafiya kuwa ba ta rasa su ba. Akwai Kwalejin Aikin Gona, akwai Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu, akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta jiha, wadda ta gaji aikin raya noma na Lafiya da aka fara da taimakon Bankin Duniya a ƙarshen shekarun 1970. Ɗan fili kaɗan ya isa a jera magarya da bagaruwa da lalle da sarƙaƙiya gefe da gefe, a tudu da bakin fadama, a auna wanda ya fi saurin rufewa a ruwan wannan yanki, manoma su zo su gani da idonsu kafin a ce musu su dasa dubu. Wuraren renon itatuwa da suke sayar da kashu da malaina su ma suna iya ƙara layin ƙaya.

Manomin da yake so ya gwada da kansa ba sai ya jira wannan ba. Busasshiyar magarya tana isowa kasuwanni daga Arewa tun cikin hunturu, mudu ɗaya kuma yana ɗauke da ƙwallaye ɗaruruwa. Wanda yake nufin dasawa a watan Yuni, a Janairu zai sayi magaryarsa, a Fabrairu ya gama magana da mai ƙasa da maƙwabci, a farkon Maris ya cika ledojinsa.